Shirun Baƙo Ba Yarda Ba Ne

Akwai dokoki biyu a ƙasar Beljiyam waɗanda ya kamata duk ɗan Nijar mai ɗa ko ƙane a Turai ya san da zamansu. Ta farko, ta shekarar 1986, ta ce baƙon da sunansa ya wuce wata shida cikin rajistar baƙi, idan ajali ya same shi a can, likitoci na iya cire ƙodarsa ko hantarsa ko zuciyarsa su dasa wa wani majiyyaci, muddin bai bayyana ƙin yardarsa ba tun yana da rai. Ta biyu, ta shekarar 2004, ta ce baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba ne sai ya shekara biyar da takardun zama, sa'an nan ya rubuta da hannunsa yana neman a sa sunansa, kafin ya jefa ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma. Zaɓen majalisar ƙasa kuwa, wadda ita ce ta yi doka a kan jikin nasa, ba shi da ta cewa a ciki. Wata shida ya isa a ƙidaya gawarsa, amma sai shekara biyar a ƙidaya muryarsa. A dokar farko an sa shi ciki sai in ya ce a'a. A ta biyu an bar shi waje sai in ya roƙa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin gwamnati a Tawa da dokar Turawa. Ruwansu babba ne, domin tambayar da ke ƙarƙashin dokokin nan biyu ita ce wadda ke jiran ƙasar nan duk ranar da aka zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki: wa hukuma take ƙidayawa idan tana da abin karɓa, wa kuma take ƙidayawa idan lokacin jin ra'ayi ya yi?

Tsarin da ake kira "shiru yarda ne" ba baƙon abu ba ne a Turai. Faransa ta kafa shi tun watan Disamba na 1976 da dokar da ke ɗauke da sunan Sanata Henri Caillavet, ta kuma ƙarfafa shi daga farkon 2017. Nassin dokar yana magana ne a kan duk baligin da bai bayyana ƙi ba, bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Sipaniya ta bi sahu a 1979. Yankin Wales na Birtaniya ya shiga a watan Disamba na 2015, Ingila da Holan a 2020, Sikotilan a 2021. A Ingila, wanda ya zauna wata goma sha biyu kafin rasuwarsa ya shiga lissafi. A Suwizalan sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Mayu na 2022, kashi 60 cikin ɗari suka amince. Baƙin ƙasar, waɗanda sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunanta, ba su jefa ƙuri'a ba.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Mutane na mutuwa suna jiran ƙoda ko hanta, alhali da yawa daga cikin waɗanda ake binnewa da lafiyayyun sassan jiki da an tambaye su da sun bayar, sakaci ne kawai ya hana su rubuta sunansu. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a asibitin Lamorde a Yamai, sau biyu ko uku kowane mako, ya ga yadda gona da shanu da jarin kanti suke narkewa, ba zai yi wasa da maganar dashe ba. Ceton rai aiki ne na lada, kuma malamai ba su rufe ƙofarsa ba: a watan Fabrairu na 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton rayayye, ta haramta saye da sayarwa, ta kuma gindaya sharaɗin izinin mamacin tun yana raye ko izinin magadansa, ko na shugaba idan ba a san mamacin ba ko ba shi da magaji.

Sharaɗin izinin nan shi ne ƙashin bayan maganar. A fiƙihu akwai ƙa'idar da ta hana a jingina wa mutum zancen da bai faɗa ba. Ko a wurin da aka yi sassauci, kamar shirun budurwa a sha'anin aure, malaman Malikiyya sun so a sanar da ita tukuna cewa shirunta za a ɗauke shi amincewa. Ashe shiru ba ya zama yarda sai daga wanda ya san ana tambayarsa, ya san ma'anar shirunsa, kuma yana da hanyar cewa a'a ba tare da tsoro ba. To, ɗan ci-rani da ya isa Turai ba ya karanta harshen ƙasar, yana gudun duk wani ofishin hukuma saboda takardunsa, bai taɓa jin an ce akwai rajistar masu ƙi ba, yaya za a kira shirunsa yarda?

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna cewa doka ita kaɗai ba ta samar da amana. Birazil ta kafa tsarin a 1997, sai jama'a, musamman talakawa masu tsoron a yi sakaci da ransu don a samu sassan jikinsu, suka yi tururuwa zuwa ofisoshi ana rubuta musu ƙin yarda a katin shaida; a 2001 doka ta mai da hukuncin hannun iyali. Majalisar dokokin Jamus ta yi watsi da irin wannan ƙuduri a watan Janairu na 2020. Singafo ta yi dokarta a 1987 amma ta bar Musulmi a waje, ba ta shigar da su ba sai 2008, bayan malaman ƙasar sun ba da fatawa a 2007. Wato an tsaya an tambayi mutanen ta bakin waɗanda suka amince da su. Ita kanta Sipaniya, wadda ta kai masu bayarwa kusan 49 cikin kowane miliyan ɗaya a 2023, ba dokar 1979 ce ta ɗaga ta ba. Shekara goma dokar ta yi ba wani babban canji, sai da aka kafa hukumar dashe ta ƙasa a 1989 a ƙarƙashin likita Rafael Matesanz, aka sa ƙwararru a kowane babban asibiti masu zama da iyalan mamaci su yi musu bayani. A aikace ba a taɓa gawa sai iyali sun yarda.

Darasin ƙarshe daga Turai shi ne na ƙuri'a. François Mitterrand ya yi wa baƙi alkawarin zaɓen magajin gari a yaƙin neman zaɓensa na 1981, François Hollande ya maimaita a 2012, babu wanda ya cika. Ɗan Fotugal ko ɗan Italiya da ke zaune a Faransa yana zaɓen ƙaramar hukuma tun 2001, amma ɗan Nijar da ya shekara talatin yana biyan haraji a Liyon ba ya yi, in dai bai karɓi zama ɗan ƙasa ba. A Landan, Bakano mai takardun zama yana zaɓen ɗan majalisar Birtaniya saboda Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, alhali ɗan'uwansa na Damagaram, harshensu ɗaya, wataƙila kakansu ɗaya, ba shi da wannan dama. Sai dai akwai waɗanda suka gyara. Suwidin ta ba baƙi zaɓen ƙananan hukumomi tun 1975, Danmak a 1981, Holan a 1985. Sikotilan da Wales, a 2020, sun buɗe zaɓen majalisunsu ga baƙi masu zama bisa doka, ko daga ina suka fito. Aƙalla a can wanda dokar jiki ta hau kansa yana da hanyar hukunta wanda ya yi ta.

Amma laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Kafin a zargi Turawa da karɓar abin baƙo ba tare da jin bakinsa ba, ya kamata a duba yadda Nijar ta yi da ƴaƴanta na waje. Sanin kowa ne cewa a ƙauyukan Adar da yawa, da an gama girbi sai mata da tsofaffi da yara, maza sun tafi biɗa Abijan ko Libiya ko Legas. Buhun hatsin bazara, kuɗin magani, kwanon rufin ɗaki, sadakin aure, sau da yawa har gyaran rijiya da ginin masallaci, daga aljihun waɗannan mutane suke fitowa. Wasu da ransu suke biya: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara ƴan yankin Kance. Ƙasa tana cin gumin ƴan ci-rani kullum, ba ta taɓa neman takardar shaida kafin ta karɓi kuɗinsu ba.

A takarda, an yi musu adalci daidai gwargwado. A 2014 an gyara dokar zama ɗan ƙasa aka halatta riƙe ƙasa biyu. Da aka faɗaɗa majalisar dokoki daga kujeru 113 zuwa 171 don zaɓen 2016, an ware biyar ga mazauna ƙetare, har ana kiransu jaha ta tara. Amma da aka zo sabuwar rajistar masu zaɓe ta zamani, hukumar CENI ba ta rubuta su ba, aka ce cutar korona ta rufe iyakoki. Saboda haka aka yi zaɓen shugaban ƙasa na watan Disamba na 2020 da zagaye na biyu na Fabrairu 2021 ba tare da su ba, majalisa ta zauna da depite 166, kujeru biyar babu kowa. Sai ranar 18 ga Yuni 2023 aka yi musu nasu zaɓen, bayan fiye da shekara biyu. Ba a cika kwana arba'in ba sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, aka jingine kundin tsarin mulki, majalisar ta watse. A watan Maris na 2025 an ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa mai wa'adin shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Daga nan na gida da na waje suka zama daidai: duk suna jiran ranar da za a sake tambayar su.

Wannan jira shi ne lokacin da ya dace a yi gardamar, tun babu ɗan takarar da ke lissafin riba ko hasara a cikinta. Masu adawa da ƙuri'ar mazauna ƙetare suna kawo hujjoji uku. Ta farko, wai wanda ba zai ɗanɗani mulkin ba bai kamata ya zaɓi mai mulki ba. Amsa ita ce yana ɗanɗanawa: iyalinsa suna nan, gonarsa tana nan, kayansa suna ratsa duwan, fasfonsa daga nan yake fitowa, kuma duk saɓanin da gwamnati ta yi da maƙwabta a kansa yake fara sauka. Tsofaffi ba su manta da korar baƙi daga Gana a 1969 zamanin Busia ba, ko ta Najeriya a 1983 zamanin Shagari. Fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ta taɓa yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza. Wa ya fi ɗan kasuwar da ke Kwatano ko Lome ko Akara sanin nauyin wannan mataki? Komai ra'ayin mutum a kan fitar, ba zai ce ba ta shafe su ba.

Hujja ta biyu ita ce maguɗi, kuma ita ce mafi nauyi. Tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Magarya da Daura, akwai gidajen da rabinsu ke nan rabi can, kuma mutane da yawa ba su da takardar haihuwa. Daɗin daɗawa, jakada ma'aikacin gwamnati mai ci ne, akwatin zaɓen da aka bari a ofishinsa kamar an ba kura ajiyar nama ne a idon ƴan adawa. Wannan gaskiya ce, amma maganinta sananne ne: rajista ta dindindin maimakon ta gaggawa ana gobe zaɓe, hukumar zaɓe ta riƙe aikin da ma'aikatanta, wakilan ƴan takara su tsaya a kowace rumfa, a ƙirga a wurin, a liƙa sakamako a ƙofa. Ba a hana ɗaukacin kasuwa ci don an ga ɓarawo ɗaya a cikinta.

Ta uku ita ce tsada. Amma Senegal ta ware kujeru 15 cikin 165 ga ƴaƴanta na waje tun zaɓen 2017, ƙaramar ƙasar Kap Ber ta ware shida cikin 72, Faransa tana da depite 11 na mazauna ƙetare tun 2012. A ɗaya gefen, Gana ta yi dokarta tun 2006 amma shekaru suka yi ta wucewa ba a aiwatar ba, har kotu ta ba da umarni a 2017, majalisar Najeriya kuwa ta kayar da ƙudurin a watan Maris na 2022. Bambancin da ke tsakanin ƙasashen nan na niyya ne fiye da na arziki. Abin da 2020 ta koya wa Nijar shi ne haƙƙin da aka rubuta ba a tanadar masa kuɗi da lokaci ba, iska kaɗan ke ɗauke shi.

Saura ɓangaren da ya fi wuyar faɗa, wato baƙin da ke zaune a Nijar. A babbar kasuwar Yamai da Katako, a kasuwar Dole ta Damagaram, a kasuwar Maraɗi, akwai Yarabawa da Ibo da ƴan Togo da Benin da Mali da suka shekara ashirin ko talatin, ƴaƴansu a nan aka haife su, Hausa ko Zabarmanci ne harshensu na wasa. Suna biyan patanti da kuɗin rumfa, kwata ɗaya ke cika musu ƙofa da damina, gobara ɗaya ke cinye kantunansu da na maƙwabtansu. Idan magajin gari ya ƙara haraji ko ya tashi kasuwa, ana ɗaukar shirunsu kamar amincewa, alhali ba a ba su wurin magana ba. Wanda ya ji zafin abin da ake yi wa ƙanensa a Burusel, ya kamata ya ga kamanninsa a nan.

Masu tsoron wannan magana sukan kawo misalin Kodibuwa, kuma suna da dalili. Zamanin Houphouët-Boigny baƙi ƴan Afirka suna zaɓe har na shugaban ƙasa, ƴan adawa suna zargin an mai da su rumbun ƙuri'un jam'iyya mai mulki. Dokar zaɓe ta 1994 ta ƙwace musu wannan dama, sai aka shiga gardamar wane ne ɗan ƙasa na asali, gardamar da ta kai ƙasar ga yaƙi a 2002, ƴan ci-rani da yawa suka rasa dukiya da rayuka. Sai dai abin da ya ɓata a can shi ne damar ta kasance kyautar shugaba ɗaya, ba ta da iyaka bayyananniya, ta kuma taɓa kujerar da kowa ke kisa a kanta. Zaɓen shugaban ƙasa da na depite na ƴan ƙasa ne kaɗai, babu mai hankalin da zai ja da haka. Zaɓen wanda zai kwashe shara, ya gyara kwata, ya raba rumfunan kasuwa, wannan na mazauna gari ne.

Kuma al'adar ƙasar Hausa ba ta saba wa haka ba. Fataken da suka sauka a Salaga da Kumasi suna da sarkin zango mai kai kukansu fada, kamar yadda a garuruwan Hausa ake naɗa wa baƙi shugaba daga cikinsu. Magabata sun gane cewa baƙon da ke da bakin magana ya fi saukin zama da wanda aka bari yana gunaguni a ɗaki.

Saboda haka jaridar nan take ganin abubuwa huɗu ya kamata ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ma'aikata da malamai su riƙe a duk zaman da za a yi kan makomar ƙasa. Na ɗaya, ƙuri'ar ɗan Nijar mazaunin ƙetare ta shiga cikin kundin tsarin mulki kansa, tare da tilasta rajistarsu lokaci ɗaya da ta na gida, yadda ba za a sake ɗage ta da wani uzuri ba. Na biyu, baƙon da ya daɗe da zama bisa doka, yana biyan haraji, a ba shi ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma kaɗai, a kuma nemi ƙasarsa ta yi wa ƴan Nijar irin haka. Ana iya farawa da Mali da Burkina Faso, tun da an riga an ƙulla ƙawance da su. Na uku, ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƴan Nijar a Turai su bayyana wa kowa, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, abin da dokar ƙasar da yake zaune ta ce game da gawarsa, domin mai son bayarwa ya bayar da saninsa ya samu ladarsa, mai ƙi ya rubuta ƙinsa, iyali kuma su san wasiyyarsa. Na huɗu, duk ranar da aka kawo maganar dashen sassan jikin mamaci gaban masu doka a ƙasar nan, a gina ta kan izini bayyananne na mutum ko na magadansa, da hani mai tsanani kan ciniki, domin a ƙasar da yawancin manya ba su karatun boko, dokar "shiru yarda ne" za ta faɗa ne kan talaka shi kaɗai.

Taron ƙasa na 1991 ya tsaya ne a kan magana guda, cewa ba za a ƙara yanke wa ɗan Nijar hukunci a bayan idonsa ba. Ɗan biɗa da ke Abijan yana cikin wannan alkawari, kuma mutuncin ƙasa ne ta miƙa wani abu daga cikinsa ga baƙon da ya tsufa a tsakanin mutanenta. Hukumar da ta san hanyar gidan mutum ranar karɓar haraji, ta san ta ranar neman ra'ayi. Allah ya ba shugabanni ikon saurare, ya kuma dawo da matafiya gida lafiya.